Rumfar Leda a Bayan Gidan Kafinta

Da an kai masara gida a ƙasar Funtua da Malumfashi, sai maganar aure ta tashi. Duk baikon da aka jingine tun damina ana cewa "sai kaka", yanzu ranarsa ta zo. Manomi zai loda buhuna zuwa kasuwar Dandume ko Bakori, ya sayar da masara ko waken suya, kuɗin kuma ba sa ɗumama aljihu sai su wuce wurin kafinta, tun da kayan ɗaki nauyin uban amarya ne. Abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai shi ne, daidai lokacin ne hunturu ke busowa, ƙura ta shiga har cikin kwanon tuwo, amma gado da sif da madubin amarya su fito suna sheƙi, babu ko ɗigon ƙasa a jikinsu. A ina ake fesa su?

Tambayar ce ta kai ni wani gida a gefen Funtua, wajen hanyar da ke fita Bakori. Maigidan kafinta ne. Yana da shago a bakin titi inda ake yanka katako ana haɗawa, amma ba ya feshi a can. "Tirela ɗaya ta wuce, aikin yini ya tashi a banza," in ji shi. Muka gaisa, aka kawo ruwa, aka yi mini iso, muka zaga bayan gida.

Rumfar tana tsakanin bangon ɗakin mahaifiyarsa da turken awaki. An kafa katako huɗu, an ɗaura wasu a sama, an lulluɓe da farar leda mai kauri don haske ya shiga. Ta gabas da arewa, inda iskar hunturu ke bugowa, an ƙara da tsofaffin buhunan taki da aka farke aka ɗinke su wuri ɗaya. Ƙofarta tsohon gidan sauro ne da aka ninka biyu, iska ta wuce, ƙura da ƙwari su tsaya. Kafin a shigo da kaya, yaro zai yayyafa ruwa a ƙasa har ta jiƙe, don taku kaɗai ya isa ya tayar da abin da zai ɓata fenti. Ana kafa rumfar idan an gama girbi, a warware ta da bazara kafin guguwar farkon damina ta yi gaba da ledar. Daga nan kafinta ya koma manomi.

Aikin yana da tsari. Katakon MDF da ake sarowa daga 'Yan Katako a Na'ibawa ta Kano yana shan fenti ta gefen da aka yanka, don haka sai an cike shi da fila, an goge da sanfefa, an fesa sila, an sake gogewa, sannan kala ta hau, a rufe da banish. Bindigar feshi tana son tazarar taƙi guda daga jikin katako. In ta matso, fenti ya taru ya zubo da hawaye. In ta yi nisa, busasshiyar iskar hunturu ta shanye tina tun fentin bai sauka ba, jikin katako ya yi kaushi kamar an barbaɗa masa tsaki. Ga masu feshi da damina kuma, matsalar daban ce: laima na sa banish ya yi fari-fari, ruwa ya taru a tukunyar kwamfuresa, in ba a zubar da shi kullum ba ya biyo tiyo ya tofa a kan aiki.

Na shiga ciki lokacin da ya fara fesa ƙofofin sif. Ban jima ba idanuna suka kawo ruwa, kaina ya ɗauki nauyi, na fito. Shi kuwa yana ciki, da takunkumin yadi irin wanda aka yi ta rabawa lokacin korona a 2020, gabansa duk ya rine da kala. Akwai fanka a kusurwar rumfar, a kashe.

"Oga, me ya sa ba ka kunna ta?"

Ya yi dariya. "Malam, in na kunna, ni zan sha iska, gado ya sha ƙura. Mai kaya kuma gado ya biya wa kuɗi, ba ni ba."

A ganina duk labarin rumfar yana cikin wannan amsa. An gina ta ne don a kare katako daga ƙura, kuma duk abin da ya hana ƙura shiga ya hana tururi fita. Tina haɗin sinadarai ne irin su toluene da xylene, masu sa jiri da ciwon kai, kuma yadi ba ya tare tururinsu. Sai takunkumi mai gwangwanin gawayi, wanda shi ma gawayin nasa ke ƙarewa a nemi sabo. Abin ya fi muni idan mai kaya ya ce lallai fentin mota yake so don ya fi ƙyalli. Ruwan da ake haɗa wa irin wannan fenti don ya yi tauri yana ɗauke da sinadarin isocyanate, wanda a Ingila aka daɗe da sanin yana cikin manyan abubuwan da ke jawo wa masu fentin mota ciwon asma. Can doka ta wajabta ɗaki mai zuƙe iska da abin rufe fuska mai kawo iska daga waje. A nan maganin da kowa ya yarda da shi madarar gwangwani ce. Da an gama feshi za a aiki yaro shago, a fasa a sha, wai tana wanke ƙirji. Madara ciki take tafiya, tururi kuwa huhu ya nufa. Na faɗa masa haka, ya ce ya sha ji, amma ko ba komai tana kashe ɗacin da ke maƙogwaro.

Rumfar ta canza har lokacin girki a gidan. Tururin tina ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, kuma tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Shi ya sa ko fanka za a kunna, a bakin ƙofa ake ajiye ta ta turo iska ciki, ba a bari tururi ya ratsa ta cikin injinta. Murhu kuma dole ya mutu kafin bindiga ta fara. Matsalar ita ce, lokacin da ya fi dacewa da feshi shi ne da sassafe kafin iska ta tashi, uwargida kuma ƙosai take soyawa na sayarwa. Yanzu tun kafin kiran assalatu take hura wuta, yara su fita da talla gari na wayewa, ta kashe garwashi da ruwa, sannan ta aiko a ce wa maigida ya bismillah. Ban gan ta ba, muryarta kawai na ji daga tsakar gida tana cewa in tambaye shi ko a kuɗin gado ana sa mata ladan barcin da take rasawa.

Wadda na fi zama da ita mahaifiyarsa ce. Tana kan tabarma a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa, ledar rumfar na kaɗawa a gefenta.

"Inna, warin bai dame ki ba?"

"Wari ai an saba, ɗan nan. Tarin ne ba a sabawa da shi."

Ta ajiye gyaɗar. Ta ce marigayi mijinta manomin auduga ne, da rani kuma yana aiki a gidan gurza. Funtua garin auduga ne tun da layin dogo daga Zariya ya ratsa ta ya kai Ƙaura Namoda a 1929, kuma gidaje da yawa a nan da kuɗin auduga aka gina su, da shi aka aurar da 'ya'ya. Ita ma da shi aka yi mata gadon ƙarfe mai rumfa da jeren kwanuka har kusan rufin ɗaki, tun kafin yayin gadon fomeka ya zo ya wuce. "Malam yakan dawo fari fat, har gashin ido. Ya yi ta tari, mu ce sanyi ne. Muka dafa citta da kanumfari, muka yi hayaƙi, babu wanda ba mu yi ba. Daga baya ko masallacin ƙofar gida sai ya tsaya a hanya ya huta."

Ta nuna bangon da ke bayanta. "Ɗakin wannan yaron ga shi nan, bango ɗaya muke. Da dare ina jin sa. Na san irin wannan tari, ba na mura ba ne, daga can ƙasa yake fitowa yana fito. In na yi magana ya ce, Inna, kaka ce, in na bari wani zai karɓe aikin. To me zan ce? Da wannan feshin ya aurar da ƙannensa mata, da shi yake sayen taki. Ban ce ya bari ba. Cewa na yi ya je asibiti a duba shi, ya kuma daina sa ƙaramin a ciki."

Ƙaramin da take nufi jikanta ne, bai kai shekarun gama firamare ba, shi ke riƙe tiyo don kada ya taɓa ɗanyen fenti. A kan wannan ta yi nasara, yanzu daga waje yake riƙewa, ta wata huda da aka yi a jikin leda. Maganar asibiti kuwa an ɗaga ta zuwa bayan bukukuwa, kuma ta ce bara ma haka aka ce mata.

Kafintan bai musa ko ɗaya ba. Lissafi ya yi mini. Wuta ba ta da tabbas, kwamfuresa kuma janareta yake so. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba kafin a cire tallafi a watan Mayun 2023 ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Tina da fenti daga Kano ake kawo su, farashinsu yana bin dala. Manomi kuma yana ba da rabin kuɗi ne, sauran sai ya ga yadda kasuwar hatsi ta kaya. Ya taɓa sayen takunkumi mai gawayi, ya ji daɗinsa, da gawayin ya mutu bai sami irinsa a kusa ba, sai ya rataye shi a ƙusa. Na gan shi a wurin, ƙura ta rufe shi.

Muna cikin haka wani dattijo ya iso a kan babur daga wani ƙauye ta wajen Kafur, ɗiyarsa za a kai ranar Lahadi, 'yan jere kuma suna jiran kaya tun Juma'a. Ya zaga gadon, ya yi hamdala, ya shafa ƙofofin sif ɗaya bayan ɗaya da tafin hannu. A ta uku ya tsaya, ya karkata kai wajen haske. Wani ɗan ƙwaro ne ya faɗa tun fentin yana ɗanye, ya bar tabo.

"Wannan fa? Ka san mata, nan idonsu zai fara sauka."

"Za a gyara, Baba, yanzu ma."

Ya ɗauki sanfefa, ya ce yaro ya sake yayyafa ruwa ya ta da janareta, sannan ya leƙa ciki ya ce kada a ɗora tukunyar rana tukuna.