"Ba Ruwana" Ta Fi Bam Kisa

'Yan uwana 'yan kasuwa, duk wanda ke da rumfa a Grand Marché ta Injamena bai manta da Asabar 11 ga Yuli, 2015 ba. Ana cikin azumi, kasuwa ta cika da masu sayayyar sallah, sai wani ƙato ya zo ƙofa sanye da burƙa kamar mace. Da jami'an tsaro suka tare shi domin bincike, ya tayar da bam ɗin da ke jikinsa. Mutum 15 suka rasu, kusan 80 suka ji rauni. A bakin ƙofa ke nan. Da ya kai tsakiyar rumfuna fa?

Wata guda bai cika ba da harin 15 ga Yuni a hedikwatar 'yan sanda da makarantarsu, wanda ya sa gwamnatin Cadi ta haramta burƙa. Doka ta fito, amma doka ba ta da ido. Idon yana wurinmu.

Wannan mutumin ba daga sama ya faɗo ba. A wani ɗaki ya kwana, wani ya sayar masa da abinci, wani ya nuna masa hanya. A ƙarshen Yunin 2015, a cikin unguwa, tsakanin gidajen mutane, aka kai wa maɓoyar 'yan Boko Haram samamen da 'yan sanda biyar suka rasa rayukansu. Wa zai ce maƙwabta ba su ga shige da fice ba? An gani, an ce "ba ruwana", an ja ƙofa. Na san dalilin: tsoron kada ka kai rahoto a mai da kai abin zargi. Tsoron na da tushe, kuma hukuma ce za ta gyara halinta ta rufa wa mai tsegumi asiri. Amma 'yan Boko Haram da wannan shirun namu suke noma.

Kada kuma a ce abin ya wuce. A Maris 2020 sun kashe sojoji kusan ɗari a Bohoma, a Oktoba 2024 suka sake kashe wajen 40 a Barkaram, duk a yankin Tabkin Cadi. Tabkin Cadi bai yi nisa ba, garin Kuseri da ke tsallaken iyaka kuwa gada ce kawai tsakaninmu.

Ba gemu ko yare ake kai ƙara ba. Baƙo bai zama ɗan ta'adda don baƙuntarsa ba. Hali ake duba: buhun da aka ajiye mai shi ya ɓace, mai hayar da ya biya kuɗin watanni ba ciniki kuma ba ya fitowa sai dare, wanda ke ta tambayar lokacin da masu gadin ƙofa ke canji.

In ka ga irin haka, kada ka taɓa, kada ka tara jama'a. Ja da baya, ka sanar da jandarman ƙofa ko shugaban layinku ko mai unguwa, tun a wannan sa'ar. Mai ba da haya kuma, don Allah ka san wanda ka miƙa wa makulli.