In kwamfuta ta ƙi tashi, ko ta ƙi farkawa

Filinge tana bakin Dallol Boso, cikin jihar Tilaberi. Ita ce babban garin ƙasar Kurfai. Daga Yamai zuwa Filinge akwai wajen kilomita 180, in an bi ta Baleyara da Bonkuku. Mutanen Kurfai manoma ne da makiyaya. Amma a ofisoshin garin da makarantu da gidajen likita akwai wani kayan aiki da kakanni ba su sani ba. Shi ne kwamfutar tafi-da-gidanka. Da Faransanci ana ce mata ordinateur portable. Wadda aka fito da ita a Amurka a shekarar 1981, mai suna Osborne 1, ta kusa kilo 11. Ta yanzu ba ta cika wuce kilo 2 ba, yaro ma yana iya ɗaukarta.

A wani ƙauye na Kurfai, shugaban makaranta ya yi kwana uku yana rubuta sunayen ƴan makarantarsa da makin jarrabawarsu cikin kwamfuta. Washegari zai kai wa sufeton makarantu a Filinge. Da dare ya gaji, ya rufe murfin kwamfutar, ya sa ta cikin jaka, ya kwanta. Da safe ya buɗe, allo baƙi ƙirin. Ya danna maɓalli, shiru. Ya sake dannawa, shiru. Makin yara duka yana ciki. Me ya same ta? Kafin a gane, sai an san abin da ke cikin cikinta.

1. Rumbu, ƙwarya da mai daka

A gida, hatsi yana cikin rumbu. In za a yi fura, sai a ɗebo gero a ƙwarya, a kai wa mai daka. Haka kwamfuta take aiki.

Rumbunta shi ne diski. Nan ake ajiye rubutu da hotuna. Ko an kashe kwamfuta, abin da ke cikin diski yana nan. Tsohon diski faifai ne mai juyawa, yakan yi juyi 5400 a minti ɗaya. Sabon, wanda ake kira SSD, babu abin da ke motsi cikinsa.

Ƙwaryarta ita ce ƙwaƙwalwar aiki, wadda masu gyara ke kira RAM. Nan ake zuba abin da ake aiki da shi yanzu-yanzu. Amma wannan ƙwarya tana da aibi ɗaya: da wuta ta yanke, duk abin da ke ciki ya zube.

Mai dakan kuwa shi ne furosesa. Ɗan ƙaramin abu ne, amma shi ke yin lissafin duka. In yana aiki yakan yi zafi ƙwarai. Don haka aka sa masa fanka tana hura masa iska.

2. Yadda kwamfuta take tashi

Kwamfuta ba ta tashi tashi ɗaya. Mataki huɗu take bi.

Na farko, wuta ta shiga. Wutar NIGELEC bolt 220 ce. Caja ce ke rage ta zuwa wajen bolt 19 ko 20, sa'an nan ta shiga batir da injin.

Na biyu, wani ɗan tsari mai suna BIOS ya farka. Kamar mai gida ne da ke zagaya garke da asuba. Yana duba ƙwaƙwalwa, da madannai, da allo, ko kowa na nan.

Na uku, BIOS ya nemi rumbu. A lokacin ne sunan kamfanin ke bayyana a allo, kamar HP, ko Dell, ko Lenovo.

Na huɗu, a ɗebo babban tsarin aiki, kamar Windows, daga rumbu a zuba a ƙwarya. Sai allo ya buɗe, a fara aiki.

In kwamfuta ta tsaya, a duba matakin da ta tsaya. Inda ta tsaya, nan cutar take.

3. Alamu huɗu

Alama ta farko: babu haske, babu ƙara. Wannan maganar wuta ce. A duba ko akwai wuta a bango. A duba wayar caja, ko ta tsinke, ko ɓera ya ci ta. A sa caja, a jira minti 15, domin batirin da ya ƙare sarai ba ya amsawa nan take. In har yanzu shiru, a cire caja, a cire batir in mai ciruwa ne, a danna maɓallin kunnawa a riƙe daƙiƙa 30. Wannan yana zubar da sauran wutar da ta maƙale a ciki. Sa'an nan a mayar da caja a kunna.

Alama ta biyu: ɗan haske ya kama, fanka tana juyawa, amma allo baƙi. A haska allon da tocila a kusa. In an hangi rubutu dishi-dishi, kwamfuta lafiya take, fitilar bayan allo ce ta mutu. In ba a ga kome ba, wataƙila ƙwaƙwalwar aiki ce ta goce daga gurbinta. Jijjigar babur kan hanyar ƙauye tana iya jawo haka. Wani lokaci kwamfuta takan yi ɗan kuka, ko haskenta ya dinga ƙiftawa. A ƙirga sau nawa, a gaya wa mai gyara, domin da wannan take faɗin ciwonta.

Alama ta uku: sunan kamfani ya fito, ya tsaya cik. BIOS ne ke neman rumbu bai samu ba. A cire duk abin da aka soka mata: kile USB, katin waya, linzami, injin buga takarda. Sau da yawa BIOS yakan ɗauka kile USB shi ne rumbu, ya tsaya yana lalube a ciki. In an cire kome ba ta wuce ba, kuma ana jin ƙas-ƙas daga ciki, diski ne ke mutuwa. A kashe ta nan da nan. Kowane ƙarin kunnawa yana ƙara ɓata abin da ke ciki. Akwai kuma wani ɗan batir mai kama da kwabo, na bolt 3, wanda ke riƙe agogon kwamfuta. In ya mutu, kwanan wata yakan rikice, wani lokaci ta tsaya tana jiran a danna mata madanni.

Alama ta huɗu: ɗigo-ɗigo suna ta zagayawa a allo. Nan haƙuri ake bukata. Mai yiwuwa Windows yana sabunta kansa. In an rubuta kada a kashe, to, kada a kashe. A sa caja a bar ta, ko da awa ɗaya ne. In ta wuce haka ba canji, a riƙe maɓalli daƙiƙa 10 har ta mutu, a sake kunnawa. In ta kasa tashi sau biyu ko uku a jere, Windows da kansa yakan buɗe shafin gyara. A can akwai hanyar da ake kira Mode sans échec. Cikinta kwamfuta tana tashi da kaya kaɗan, sai a cire abin da aka sa mata na ƙarshe.

4. Gyangyaɗi, barci da kashewa

Akwai hanya uku ta hutar da kwamfuta, kuma ba ɗaya suke ba.

Gyangyaɗi shi ne Mise en veille. Allo ya mutu, fanka ta tsaya, amma ƙwarya tana cike, batir yana ba ta wuta kaɗan-kaɗan. Ana taɓa ta sai ta farka. Yawancin kwamfutoci haka suke yi in an rufe murfi. Rufe murfi ba kashewa ba ne.

Barci mai nauyi shi ne Veille prolongée. Kwamfuta ta juye abin da ke ƙwarya cikin rumbu, ta mutu. Ba ta cin batir. In an kunna, sai a tarar da aiki inda aka bar shi.

Kashewa shi ne Arrêter. Sai an ajiye aiki tukuna, sa'an nan a kashe.

In kwamfuta ta shiga gyangyaɗi ta ƙi farkawa, kada a yi gaggawa. A sa caja. A danna maɓallin kunnawa sau ɗaya, a jira. A danna madannin manyan baƙaƙe, a duba ɗan haskensa. In yana kamawa yana mutuwa, injin a farke yake, allo ne kawai bai farka ba. Sai a danna Windows da Ctrl da Maj da B tare, don a ta da allon. In duk wannan bai yi ba, a riƙe maɓalli daƙiƙa 10. Amma a sani, abin da ba a ajiye ba ya tafi.

In abin ya zama kullum, a zaɓi Redémarrer. Tun daga Windows 8, wanda ya fito a shekarar 2012, Arrêter yakan adana wani ɓangaren tsarin don ta yi saurin tashi gobe. In akwai matsala a ciki, da ita za ta tashi. Redémarrer kuwa yana share kome, a fara daga farko.

5. Zafi, ƙura da wuta

A ƙasar Kurfai kwamfuta tana da abokan gaba uku.

Na farko zafi. Yawancin kamfanoni sun ce kada a yi aiki da ita inda zafi ya wuce digiri 35. A Filinge kuwa, cikin Afrilu da Mayu, zafin rana yakan wuce digiri 40. In furosesa ya kusa digiri 100, sai ya rage gudu, ko ya kashe kansa don kada ya ƙone. Da bazara gara a yi aiki da safe ko da dare, a inuwa. A ɗora ta kan tebur ko allo. Kan katifa ko bargo, ƙofofin iska na ƙasa sukan toshe.

Na biyu ƙura. Da hunturu ƙura tana shiga ko'ina. Fanka tana zuƙo ta tare da iska, ta taru ta zama kamar auduga. Fanka tana ƙara, amma iska ba ta fita. A rufe kwamfuta da ƙyalle bayan an kashe ta. Sau ɗaya a shekara, kafin bazara, a kai wa mai gyara ya share cikinta.

Na uku wuta mai hawa da sauka. Wutar gurup, ko ta hasken rana da ba a haɗa da kyau ba, tana iya ƙona caja. Da damina, in ana walƙiya da tsawa, a cire caja daga bango.

Batirin da ya kumbura har ya ɗaga madannai yana iya kamawa da wuta. Ba a huda shi, ba a jefa shi cikin murhu, ba a ba yara su yi wasa da shi.

6. A shagon mai gyara

Shugaban makaranta ya hau babur ya tafi Filinge. Ya sami mai gyara a shagonsa, suka gaisa.

— Malam, jiya ka kashe ta, ko rufewa kawai ka yi?

— Rufewa na yi, na sa a jaka.

— Da linzami a cikin jakar?

— I, tare suke.

— To, shi ne. Gyangyaɗi take yi, linzami ya motsa ya tashe ta. Ta kwana a farke cikin jaka, ba iska. Batirin kuma ya tsufa, ya ƙare kafin ta juye aikinka cikin rumbu.

Mai gyara bai kwance ko ƙusa ɗaya ba. Ya sa caja, suka sha shayi. Bayan minti 20 ya danna maɓalli, kwamfuta ta tashi. Aikin kwana biyu yana nan, domin Malam ya ajiye shi. Na daren jiya kuwa babu shi. Allah ya sa ya zo da babban littafin makaranta, inda aka rubuta makin da hannu. Ya zauna a benci ya sake rubuta aji guda. Kafin a tashi daga aiki ya miƙa wa sufeto takarda.

Da zai tafi, mai gyara ya ce masa:

— Malam, in kana rubutu, ka dinga danna Ctrl da S. Ka kwafe aikin a kile USB, ka ajiye shi dabam. In za ka yi tafiya, ka kashe ta sarai. Rigakafi ya fi magani.

Abin da za a riƙe

A duba wuta tukuna.
A cire duk abin da aka soka.
A lura da inda ta tsaya.
A yi haƙuri kafin a kashe da ƙarfi.
Ba a bugun kwamfuta, ba a girgiza ta.
Ɗan makaranta ba ya buɗe cikinta. Wannan aikin mai gyara ne.

Kalmomi

Diski: rumbun kwamfuta, inda ake ajiya.
RAM: ƙwaƙwalwar aiki, wadda ke mantuwa in wuta ta yanke.
Furosesa: abin da ke yin lissafi.
Kile USB: ɗan ƙaramin ma'aji da ake sokawa a gefen kwamfuta.
Linzami: abin da ake turawa da hannu don nuna wuri a allo.
Gurup: injin ba da wuta mai shan mai.

Tambayoyi

1. Mataki nawa kwamfuta take bi kafin ta tashi? Ku faɗe su bi da bi.
2. Me ya bambanta gyangyaɗi da barci mai nauyi?
3. Don me aikin daren ƙarshe ya ɓace, na kwana biyu bai ɓace ba?
4. Me za a yi in sunan kamfani ya fito ya tsaya?
5. Don me ba a ɗora kwamfuta kan katifa?

Aiki

a) Kwamfuta tana jure digiri 35. Ran nan zafi ya kai digiri 43. Digiri nawa ya ɗara?
b) Diski yana juyi 5400 a minti ɗaya. Juyi nawa yake yi a daƙiƙa ɗaya?
c) Ku zana rumbu da ƙwarya da mai daka. Ƙarƙashin kowane ku rubuta sunan ɗan'uwansa na cikin kwamfuta, da Hausa da Faransanci.