Ciwon zuciya na gado: Amfanin yin gwaji da wuri

Likitoci sun ce akwai wasu nau'o'in ciwon zuciya da ake gado daga iyaye, waɗanda kan shafe shekaru a jikin mutum ba tare da wata alama ba.

Wanda ya fi yawa a cikinsu shi ne kaurin naman zuciya, wato HCM, wanda aka ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin 500 na ɗauke da shi.

Bangon zuciyar mai wannan larura kan yi kauri fiye da kima, abin da kan rikita bugunta, wani lokacin ma ta tsaya farat ɗaya.

Ciwon ne binciken gawa ya gano a jikin Marc-Vivien Foe, ɗan ƙwallon Kamaru da ya yanke jiki ya faɗi a fili a birnin Lyon na Faransa a 2003, yana da shekara 28.

Yadda ake gwajin

Idan uwa ko uba na ɗauke da ƙwayar halittar da ke haddasa ciwon, yiwuwar kowane ɗa ya gaje ta kashi 50 ne cikin 100.

A 1990 ne masu bincike a jami'ar Harvard ta Amurka suka gano ta farko daga cikin irin waɗannan ƙwayoyin halitta.

Akan fara ne da gwada jini ko yawun wanda aka tabbatar yana da ciwon. Idan an gano ƙwayar, sai a neme ta a jikin iyayensa da 'yan uwansa da 'ya'yansa.

Wanda bai gada ba hankalinsa ya kwanta. Wanda ya gada kuwa akan riƙa ɗaukar hoton zuciyarsa a kai a kai, a ba shi magani idan da buƙata, ko a dasa masa wata 'yar na'ura mai farfaɗo da bugun zuciya.

A Birtaniya, bayan mutuwar fitaccen ɗan jarida David Frost a 2013, binciken gawa ya nuna yana da ciwon, amma ba a sanar da iyalinsa ba. A 2015 ciwon ya kashe ɗansa Miles, mai shekara 31.

Iyakar gwajin

Sai dai ba a jikin kowane majinyaci ake gano ƙwayar ba, don haka gwajin bai maye gurbin hoton zuciya ba.

Haka kuma wani bincike da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa an taɓa bai wa wasu baƙaƙen fatar Amurka sakamako na kuskure, saboda ƙarancin bayanai kan ƙwayoyin halittar masu asali da Afirka.

Likitoci na shawartar duk iyalin da wani matashi ya yi mutuwar fuju'a a cikinsu, ko yake yawan suma yayin motsa jiki, da su ga likitan zuciya.