Na'urar bin sawun namun daji: darasin Yankari da Gadabeji ga Zamfara

Maharbin da ya tashi a Furfuri ko Kwatarkwashi yana gane dabba ne ta sawunta, da kashinta, da reshen da ta karya. Wannan ilimi sai da taka daji, ga shi kuwa dazukan Zamfara sun gagari shiga. Dajin Kuyambana na ƙaramar hukumar Maru, wanda ya haɗe da gandun Kamuku na Birnin Gwari, a da hanyar giwaye ne. Yau 'yan bindiga sun hana ma'aikacin gandu da mai bincike leƙa shi. A irin wannan hali, na'urar da ake ɗaura wa dabba a wuya don ta riƙa aiko da rahoton inda take ta cancanci nazari.

Tun farkon shekarun 1960 wasu 'yan'uwa biyu, Frank da John Craighead, suka fara ɗaura wa manyan namun daji rediyo a gandun Yellowstone na Amurka. Sai mutum ya bi daji da eriya a hannu yana sauraron ƙara. Shigowar GPS a shekarun 1990 ta sa na'urar da kanta take lissafa inda take.

Idan ka juya abin wuyan giwa a hannu, za ka ga ɗamara ce mai kauri irin bel ɗin injin niƙa. A sama akwai ƙaramin akwati da aka toshe da danƙo don kada ruwa ko laka su shiga, a cikinsa akwai GPS da eriya da batiri. A ƙasa an rataya wani nauyi da zai hana ɗamarar juyawa, domin eriyar ta ci gaba da kallon sama. Yawanci akan ƙara ƙaramar rediyon da za a iya bi da ƙafa, da wani ɓangare mai jin motsi, wanda ke aika gargaɗi idan dabba ta daɗe ba ta motsa ba.

Babban ciwon kan mai ƙira shi ne nauyi. Ƙa'idar masana ita ce kada na'ura ta wuce kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na nauyin dabba, alhali batiri ne ya fi komai nauyi. Duk rahoton da aka aika wuta yake ci, don haka dole a zaɓa: rahoto akai-akai na 'yan watanni, ko jefi-jefi na shekaru. Sauya batiri kuwa yana nufin a sake harba wa dabba allurar barci, abin da kan iya halaka ta.

A Yankari ta jihar Bauchi, ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta ɗaura wa giwaye shida irin wannan na'ura a 2019. Da ita masu gadin gandu suka riƙa ganin inda garken ya nufa, su bi shi don kare shi daga masu farautar haure, su kuma sanar da manoma idan ya doshi gonaki. A Nijar lamarin ya sha bamban, don raƙumin dawa ba ya riƙe abin wuya: wuyansa dogo ne mai tsukewa, ɗamara sai ta yi ta zamewa tana gurzar fata. Sai aka ƙera 'yar na'ura mai cajin hasken rana wadda ake ɗaurawa a ƙahonsa. A 2018 aka kwashe raƙuman dawa takwas daga yankin Kure zuwa gandun Gadabeji na jihar Maraɗi, inda aka shafe shekaru da dama ba a ga ko ɗaya ba.

Zamfara tana da nata sharaɗin. A watan Satumbar 2021 aka katse layukan waya a faɗin jihar saboda tsaro. Na'urar da ta dogara da layin salula da ta kurumce a lokacin. Wadda za ta yi aiki a nan dole ta yi magana da tauraron ɗan'adam kai tsaye, ta kuma adana bayanai a cikinta, ta jure zafin bazara da ƙurar hunturu. Sannan a killace bayanan, domin taswirar da ke nuna wa mai gadi inda giwa take, ita ce za ta nuna wa mafarauci.

Na'ura ba ta kama ɓarawo, ba ta kuma maye gurbin tsaro. Amma tana ba da hujjar da ake tsara kariya da ita. Jami'ar Tarayya ta Gusau da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ƙaura Namoda suna da ɗaliban da za su iya harhaɗa samfurin farko, a gwada shi a wuyan shanu da raƙuma kafin a kai ga namun daji. Ya kamata gwamnatin jiha da waɗannan makarantu su soma wannan aiki tun yanzu, domin ranar da daji ya buɗe a tarar da gwanayenmu a shirye.