Shekarar da Korona Ta Tarar da Asusun Jihohi Wayam

Lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan kasafin 2020 na naira tiriliyan 10.59, an yi lissafin ne bisa cewa za a riƙa sayar da gangar ɗanyen mai kan dala 57. Gwamnoni ma a kan wannan lissafi suka ɗora nasu kasafin, domin in aka cire Legas da wasu 'yan tsiraru, kason da ake rabawa a Abuja duk wata shi ke biyan albashi, shi ke sayen magani. Ranar 27 ga Fabrairu aka tabbatar da mai korona na farko a Legas. Kafin Afrilu ya fita, gangar mai ta sauko ƙasa da dala 20 a kasuwar duniya, har sai da aka yi wa kasafin tarayya kwaskwarima aka mayar da ma'aunin dala 28.

Wato buƙata ta ninku a daidai lokacin da kuɗin suka janye. Asibitocin koyarwa da dama na tarayya ne, amma manyan asibitocin da talaka ke zuwa da ƙananan asibitocin unguwanni da ƙauyuka suna wuyan jihohi da ƙananan hukumomi. Su ne za su buɗe wuraren killace masu cutar, su sayi safar hannu da takunkumi, su ba ma'aikatan jinya alawus, alhali kasuwanni a rufe, harajin cikin gida ya ja baya.

Ina ajiyar da ya kamata a taɓa? Asusun rarar kuɗin mai, wanda ya kai kusan dala biliyan 20 a 2008, bai wuce dala miliyan 72 ba a farkon 2020. Kada a manta, gwamnoni na cikin waɗanda suka yi ta matsa lamba a raba shi, har suka kai ƙara Kotun Ƙoli suna cewa tsarin mulki bai san da irin wannan ajiya ba. Ta fuskar doka suna da abin faɗa. Sai dai da aka raba, kaɗan ne suka koma gida suka ware wani abu don ranar baƙin ciki, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kano ce ta fi nuna haka. A Maris tarayya ta ba Legas naira biliyan 10, ta ba hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta NCDC biliyan 5. Da cutar ta shiga Kano a Afrilu, Gwamna Abdullahi Ganduje ya nemi biliyan 15, ya kuma fito yana ƙorafin an yi watsi da jiharsa. A waɗannan kwanaki ne ɗakin gwajin da ke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya dakatar da aiki, masu haƙa kabari kuwa suka fara ba da labarin yawan gawarwakin da ake kawo musu. Ranar 27 ga Afrilu Buhari ya sanya wa jihar kulle na mako biyu. A Yuni Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya ce an ƙirga mamata 979 a ƙananan hukumomi takwas na birnin, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari mai yiwuwa korona ce ta yi sanadi. Ana iya zargin Abuja da jan ƙafa, zargin kuwa yana da tushe. Amma jihar da ke tinƙahon ta fi kowace yawan jama'a, a ce gwajinta kaf ya dogara da ɗaki ɗaya, shi ma a asibitin tarayya, wannan laifin ba na Abuja ba ne.

A ganina, tallafin da ya fi amfani shi ne wanda ya zo da sharaɗi. Ƙarƙashin shirin SFTAS na Bankin Duniya, an ce duk jihar da ta gyara kasafinta, ta ware wa yaƙi da cutar kaso, ta kuma wallafa shi kowa ya gani kafin ƙarshen Yuli, za ta samu dala miliyan 5. Jihohi 35 suka cika sharaɗin. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma sun tilasta wa gwamnoni rage alƙaluman da tun farko ba su da madogara.

Tallafin kayan abinci kuwa, wanda gamayyar 'yan kasuwa ta CACOVID ta saya ta miƙa wa jihohi, ya kwanta a rumbuna har Oktoba, lokacin da jama'a suka fasa su a Jos da Legas da Kaduna da Kalaba bayan zanga-zangar EndSARS ta adawa da zaluncin 'yan sanda. Ƙungiyar gwamnoni ta ce wani ɓangare an adana shi ne saboda dawowar cutar karo na biyu. Ko da an yarda da wannan bayani, an sha yunwar kulle ne a Afrilu da Mayu. Jihar da ke da kuɗi a hannu a lokacin, da ta aika motoci kasuwar hatsi ta Dawanau ta sayi gero da masara ta raba a makon da aka rufe mutane a gida, maimakon jiran taliya daga Legas.