Yamai zuwa Agadas: kilomita 740 ta sama, kimanin 950 ta ƙasa

Tsakanin filin jirgin saman Diori Hamani na Yamai da filin Mano Dayak na Agadas akwai tazarar kimanin kilomita 740 in an miƙe tsaye, wato mil 400 na ruwa a lissafin matuƙa jirgi. Amma direban da ya tashi daga babban birnin sai ya ci kusan kilomita 950 kafin ya hango hasumiyar masallacin Agadas. Wannan rarar ta kilomita 200 da 'yan kai tana da dalili.

Agadas tana arewa maso gabashin Yamai, kuma nan jirgi yake dosa kai tsaye. Ita kuwa hanyar mota kudu maso gabas take fara nufa. Hanyar ƙasa mai lamba 1 tana bi ta Dosso da Dogon Dutsi har Birnin Ƙonni, dab da iyakar Najeriya, tafiyar kilomita 420 ko kusa da haka. Sai an wuce Ƙonni kaɗan, a mararrabar Tsarnawa, ake karkata arewa zuwa Tawa. Daga Tawa saura wajen kilomita 400, ta Abalak. An shimfiɗa kwalta ne inda jama'a da gonaki da kasuwanni suka fi yawa, shi ya sa hanyar ta yi gwiwa.

A wajen lokaci ne bambancin ya fi fitowa. Jirgi mai farfela da ke gudun kilomita 450 zuwa 500 a awa yana sauka Agadas cikin abin da bai kai awa biyu ba. Motar safa da ta bar tasha da asuba takan wuni a hanya, sau da yawa har dare ya raba. Akwai tsayawar salla da cin abinci, akwai shingayen jami'an tsaro, ga kuma yanayin hanyar kanta. Ɓangaren Tawa zuwa Agadas, wanda ke cikin hanyar da aka gina domin jigilar yuraniyom daga Arlit, ya daɗe yana shan kukan direbobi saboda ramuka. Kilomita ɗari a can ba daidai yake da kilomita ɗari tsakanin Yamai da Dosso ba.

Kwatanci da Damagaram yana ƙara haskaka lamarin. Ta sama, nisanta daga Yamai kusan ɗaya ne da na Agadas. Ta mota kuwa kimanin kilomita 890 ne, domin hanya mai lamba 1 tana ci gaba da miƙewa gabas ta Maraɗi ba tare da babbar karkata ba.

Ga iyalin da aka ce su kai majinyaci babban asibitin Yamai, ko ɗalibin da jarrabawa ke jira, waɗannan alƙaluma su ne ke yanke shawara. Kuɗin tikitin jirgi ya ninka na mota sau da dama, kuma jiragen cikin gida ba su da yawa, don haka akasarin matafiya ƙasa suke bi. Wanda zai kama hanya gara ya lissafa tafiyarsa da awoyi, ya tambayi direbobin tasha halin da hanyar Tawa take ciki, ya kuma bar wa kansa kwana guda na rara kafin ranar da ake jiransa.