Rufe Tafki: Abin Da Ɗalibi Zai Koya Daga Masunta

Idan kai mutumin Gummi ne, ko Bukkuyum, ko Anka, ba sai an kwatanta maka Gulbin Zamfara ba. Ka gan shi da damina ya cika ya batse har ya haura fadama, ka kuma gan shi da bazara ya janye ya bar rairayi. Abin da nake so mu duba shi ne wata al'ada da masunta ke yi tsakanin waɗannan lokuta biyu, watau rufe tafki.

Ga yadda abin yake. Idan ruwa ya malala fadama, kifi yakan bi shi ya shiga cikin ciyawa ya yi ƙwai, domin can ne 'ya'yansa ke samun abinci da maɓoya. Da kaka ruwa ya soma janyewa, sai wani kifin ya koma gulbi, wani kuwa ya maƙale a tafkuna. To, a garuruwan bakin gulbi da dama, Sarkin Ruwa yakan hana su a irin wannan tafki har sai ranar da aka sa. Ran nan kowa ya fito da homarsa da gorarsa, a faɗa ruwa tare. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya shahara tun 1934, a kan wannan tsari ya ginu, don ana hana su a Matan Fada kafin ranar biki.

Yanzu ka sa kanka a matsayin masunci. Gida babu cefane. Ka biyo ta bakin tafki da almuru, ga tarwaɗa tana juyi, ga ƙarfasa tana walƙiya, ba kowa a wurin, koma kuwa tana rataye a kafaɗarka. Me zai hana ka? Ai ba katanga aka yi wa tafkin ba, magana ce kawai aka faɗa. Wanda ya wuce bai jefa ba, ya san abu biyu. Ya san kifin da zai kama yau ɗan yatsa ne, nan da wata uku kuwa ya kai damtse. Ya kuma san tafkin na jama'a ne, in ya ɗiba a ɓoye, rabon maƙwabcinsa ya ɗiba.

Wannan jarrabawa ba sabuwa ba ce. A Suratul A'araf, daga aya ta 163, Allah Maɗaukaki ya ba mu labarin wata alƙarya ta Bani Isra'ila da ke bakin teku, wadda yawancin malaman tafsiri suka ce Aila ce, a gaɓar Bahar Maliya. An hana su su ranar Asabar. Sai ya zamana ranar ce kifi ke fitowa fili, sauran kwanaki ya ɓace. Ba su fito ɓaro-ɓaro sun ce sun ƙi umurni ba, a'a, dabara suka yi. Masu tafsiri sun ce sukan ɗana tarko tun Juma'a, kifi ya shiga ran Asabar, su kwashe ran Lahadi, su ce ai mu ba mu yi su ran Asabar ba. Dabarar ba ta fisshe su ba.

Kai ma kana da naka tafkin. Ranar jarrabawa malam ya fita shan ruwa, ga littafin fiƙihu a ƙarƙashin benci. Inna ta aike ka kasuwa, canji ya rage, ba ta san farashi ba. Kuma a lura, da wuya Shaiɗan ya ce maka “yi sata”. Cewa zai yi leƙawa kawai za ka yi don ka tuna, ko aro ne za ka mayar. Wannan shi ne tarkon Juma'a. Ni dai a ganina ɗalibin da ya faɗi jarrabawa da gaskiyarsa ya fi wanda ya haye da leƙe, domin gobe wanda ya haye ɗin za a tambaya hukuncin gado ko na tsarki, ya ba da fatawa da abin da bai sani ba.

Akwai kuma masu gaggawar da ta fi wannan muni. Wani yakan yi taru da gidan sauro, wanda idonsa ba ya barin ko ɗan kifi kamar tsinke. Wani kuwa sai ya zuba magimfa, ko maganin ƙwari irin Gamalin 20, kifi ya taso birjik, babba da ƙarami. Ya cika kwando rana ɗaya, amma ya kashe na baɗi, kuma ruwan nan shi shanu ke sha, shi yara ke wanka a ciki. Mu nan ba baƙin guba ba ne. A 2010 gubar dalma daga aikin zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare a Anka, da 'Yargalma a Bukkuyum. Su iyayen ba su san dutsen yana da guba ba. Mai zuba magani a tafki kuwa ya sani sarai.

Mutanen alƙaryar can kashi uku suka rabu: masu saɓo, da masu yi musu wa'azi, da waɗanda suka ce me ya sa za ku wahalar da kanku a kan mutanen da ba sa ji. Waɗanda ayoyin suka ambaci tsirarsu ƙarara su ne masu hani. Saboda haka in ka ga abokinka ya nufi gulbi da gidan sauro, ka yi masa magana cikin ladabi. In kuwa magani ka ga ana shirin zubawa, kada ka tsaya jayayya da manya, je ka gaya wa mahaifinka ko Sarkin Ruwa tun ba a zuba ba.

Idan kun shiga darasin tafsiri, ka roƙi malam ya karanta muku ayoyin nan, daga ta 163 zuwa ta 166, ka tambaye shi abin da malamai suka ce game da makomar kashi na uku.